Kwat ɗin Zakka Mai Ƙaho

Malam Sabitu tela ya zazzage buhu na biyu a tsakiyar shago, ƙyallaye suka watsu har ƙarƙashin keken ɗinki. Ya durƙusa yana tonawa da hannu biyu. Ga shadda, ga atamfa, ga kakin 'yan makaranta, ga leshin wata amarya da tuni ta yi suna. Abin da yake nema kuwa babu ko zarensa.

Liatu, matar maƙwabcinsa Zakka, tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da maratayin kaya wanda babu komai a jikinsa.

"Malam Sabitu, ni fa ban gane ba. Na tambaye ka kwat, kana tona mini shara."

"Maman Amos, shigo ki zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Mutumin nan tun da gari ya waye yake kiran kwat ɗinsa. Na buɗe akwati, babu. Amos ya ce in tambaye ka. Tana wurinka ko ba ta wurinka?"

Ba ta wurinsa. Amma ya san inda take, ya kuma san abin da ya same ta, domin da almakashinsa aka yi ɓarnar.

Jiya da yamma aka sallamo Zakka daga asibiti, ba don ya samu sauƙi ba. Ƙoda ce ta gaza. Likita ya ja Liatu gefe ya ce ta kai shi gida ya huta cikin iyalinsa, ita kuwa ba yarinya ba ce, ta gane abin da ake nufi. Katanga ɗaya ta raba ɗakin Zakka da shagon Malam Sabitu a nan unguwar Fadaman Mada, shekara talatin da ɗoriya, har tarin juna sun sani.

Kwat ɗin ma ta girmi katangar. A shekarar 1979, Sabitu yana saurayi, bai daɗe da sayen kekensa ba, wasu makaɗa biyar suka shigo masa da bandir ɗin yadi ruwan madara. Suka ce sunansu Taurarin Wunti, a otel-otel suke wasa duk Asabar. Zakka ne mai busa musu ƙaho, irin na tagullar nan na 'yan badujala. Sabitu ya ɗinka musu kwat biyar iri ɗaya, yayin wancan lokaci: kwala faffaɗa kamar kunnen giwa, kafaɗa a tsaye, ƙafar wando tana sharar ƙasa. In suka jeru a kan dandamali, har wanda bai zo rawa ba sai ya tsaya kallo. Daga nan aka san akwai wani tela a garin Bauchi wai shi Sabitu. Su kuma suka yi wa juna alkawari, da raha aka fara har ya zama gaske: duk wanda ya mutu, a cikin tasa za a kwantar da shi.

Wata uku da suka wuce, Amos, autan Zakka, ya shigo da kwat ɗin a leda. Shi ma makaɗi ne, piyano yake danna wa wata ƙungiya mai wasa a wuraren biki. Ya ce shugabansu ya kafa doka, kowa ya zo da kwat ɗamammiya da wando fensir, idon sawu a waje, kuma Baba ya ba shi wannan ya kawo a gyara. Taku goma ne daga keken Malam Sabitu zuwa ƙofar Zakka, amma bai taka ba. Abin da ya hana shi, shi ya sani. Samarin unguwa sun daɗe da komawa wurin sababbin teloli, suna cewa tsoho bai iya ɗinkin zamani ba, maganar kuma ta daɗe tana cin sa a rai. Sai ya ɗauki alli da almakashi don ya nuna musu. Ya sare kwala ta koma 'yar siririya, ya rage tsawo, ya tsuke wando. Har rarar yadin da ya ɓoye cikin ɗinki tun wancan zamani, don ko mai ita zai yi ƙiba, sai da ya datse. Kwat ta yi kyau, ba ƙarya. Ragowar ƙyallayen kuwa mai ɗinka matashin kai ta kwashe tun watan jiya. Ya sani sarai, tonon da yake yi don dai hannunsa ya samu abin yi ne.

Amos ya shigo kai a sunkuye, ya ajiye leda a kan teburin yanka. Liatu ta zaro abin da ke ciki ta ɗaga sama. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan na wane yaro ne?"

"Mama..."

"Na ce na wane yaro ne? Amos! Kayan da babanka zai shiga akwati da shi?" Ta juya kan tela. "Kai kuma Malam, shi a ce yarinta, kai fa? Ba kai ka ɗinka ba? Ba a gabanka suka yi alkawarin ba?"

"A gabana aka yi."

"Ya ce maka babansa ya ba shi, shi ke nan ka yarda?"

"Ban tambaya ba, Maman Amos. Laifina ya fi nasa."

Ta buɗe baki ke nan, sai aka buga katanga sau uku daga ciki. Haka Zakka yake kiran maƙwabcinsa tun da ƙafafu suka kumbura. Malam Sabitu ya miƙe. Ya kaɗe zare daga gwiwarsa, ya zagaya.

Ɗakin yana warin man zafi. An tallafe Zakka da matasan kai uku, fuskarsa ta cika har idanun sun ƙanƙance. Ƙahon yana rataye a ƙusa saman gado. Mutumin da a da busarsa ke tsallake layi uku, yau sai an matso ake jin muryarsa.

"Tela. An ce kayana suna wurinka."

"Suna wurina."

"Me suke yi a can?"

"Maɓalli ne ya yi sako-sako. Da 'yar guga."

Ƙaryar ta fito masa sumul, har ya ji kunyar saurin da ta yi.

"Maɓalli," in ji Zakka. Ya huta, ya ja numfashi. "To ka hanzarta. So nake in gan ni a ciki da idona, kar a zura mini ina kwance kamar buhun masara, ban san yadda na fito ba. Tunji ya tafi da tasa. Akinwale ma haka. Ta Bulus kai da kanka ka goge. Yero ne kaɗai ya zille mana, ya bi farin likkafaninsa. Saura ni."

Malam Sabitu ya ɗago kai da sauri. Yero mai ganga. Musulmi ne, an yi masa sutura yadda addini ya ce, ba a sa masa kwat ba. Ke nan akwai guda ɗaya da ƙasa ba ta ci ba, in dai ba a yi sadaka da ita ba cikin shekara tara da rasuwarsa.

"Ka ba ni zuwa la'asar."

"La'asar ta yi nisa, Tela. Amma zan gwada."

A shago ya miƙa wa Amos reza. "Warware kwalar nan, da gefen rigar, da gefen wando. A hankali. Ka ci mini yadi ko da faɗin farce ne, ni da kai ne." Kasuwa ba ta cikin lissafi, don irin wannan yadi an daina kawo shi tun ba a haifi Amos ba. Ya tare ɗan acaɓa ya ce ya kai shi Tirwun, unguwar da gidan Yero yake, kuma ya yi gudu. Tsohon da kullum yake faɗa da 'yan acaɓa kan gudu, yau shi ke cewa a ƙara. Hadari yana haɗuwa ta gabas.

Modibbo, babban ɗan Yero, shi ya amsa sallama. Malamin Islamiyya ne, mutum mai ladabi, ya shimfiɗa tabarma a zaure ya kawo ruwa. Amma da ya ji abin da ke tafe da baƙon, sai fuskarsa ta rufe.

"Baba, ka yi haƙuri. Mahaifinmu ya ajiye kiɗa shekara goma kafin ya koma ga Allah, bai kuma so a tuna masa. Kayan nan duk mun fitar da su daga gidan nan. Babu abin da ya rage."

"Ko wandon? Ko hannu ɗaya?"

"Babu, wallahi. Da akwai da na ba ka."

Malam Sabitu ya yi godiya. Ya dafa bango zai tashi, yana tunanin da wane baki zai koma ɗakin nan, sai wata murya ta fito daga bayan labulen zaure.

"Ganguna ka fitar, Modibbo. Kar ka rantse a kan abin da ba ka sani ba."

Goggo Dudu ce, matar marigayin. Ta koma ciki. Suka ji ana jan akwatin ƙarfe a ƙasa. Modibbo ya sunkuyar da kai, yana murza casbaha. Can ta fito da ƙunshi a tsohon zane, ta zauna daga bakin labule ta kwance shi a cinyarta. Warin kafur ya cika zauren. Kwat ce ruwan madara, kwalarta a baje, ko tabo babu. Malam Sabitu ya ga ɗinkin hannunsa na ƙuruciya.

"Zakka dogo ne," in ji ta. "Namu kuwa guntu. Ba za ta shige shi ba."

"Ba za ta shige shi ba, Goggo."

"To me za ka yi da ita?"

Ya so ya lulluɓe maganar, amma ƙarya ɗaya ta ishe shi a yini. "Yanka ta zan yi. In cire kwalar, in ciri bayan, in ciri ƙafafun wando, in mayar wa tasa abin da na datse."

Iska ta fara kaɗa langa-langar rufi. Shi dai idonsa yana kan agogon hannunsa, ya kasa cewa ta yi sauri.

"A cikinta na fara ganinsa," ta ce. "Na bi yayata kallo a ɓoye, aka yi mana dukan tsiya a gida." Ta shafa kwalar da tafin hannu. "Ranar da maigidana ya rasu, Zakka ne ya tsaya a rana a ƙofar maƙabarta har aka gama. Ungo. Abin da ya ragu ka dawo mini da shi, ko da aljihu ne."

Ruwa ya tare shi a hanya. Ya cusa ƙunshin cikin rigarsa ya dunƙule a bayan ɗan acaɓa, ya iso shago jagab, ana kiran azahar. Ya yi salla a gurguje, ya shimfiɗa kwat biyun gefe da gefe a kan tebur. Nan ya ga abin da bai yi tunani ba. Ta Zakka ta sha rana da gumi da wanki, ta koma ruwan ƙwai. Ta Yero kuwa ta kwanta a akwati, tana nan fes kamar jiya aka yanko ta.

"Baba Tela, ai ba kala ɗaya ba ne," in ji Amos.

"Ina da ido."

"In an jiƙa da ruwan shayi fa? Na ga ana yi."

"A wace rana za ta bushe? Hura mini gawayi a dutsen guga."

Ya ce bismillah, ya sa almakashi. Ya ciro kwalar Yero ɗungurungum. Ya yanko dogayen ƙyallaye daga bayan ya buɗa gefen ta Zakka da su, don ta ɗauki kumburi. Awo bai taso ba, da ido ya yi, mutumin da ya shekara talatin yana gani ta ƙofa. Wurin kwala keke ba ya shiga sai an fara kafe ta da hannu, don haka ya bi ta da manyan ɗinki na farin zare, irin wanda ake zarewa in an gama.

Liatu ta leƙo da laima. "Ya ƙi kunu."

Ta sake dawowa. "Fasto ya zo. Ya yi addu'a."

Malam Sabitu bai ɗago ba. Ƙafarsa tana kan keke, kunnensa yana kan katanga. Duk sanda ya tsaya sauya zare sai ya saurara, in ya ji tari sai ya ci gaba. Amos yana guga, hawaye yana ɗiga a kan yadi, ƙarfen yana busar da shi.

Zuwanta na uku ba ta ɗauko laima ba. "Malam, ka kawo shi yadda yake."

"Saura wando. Ƙafa ɗaya kawai na..."

"Ka kawo shi yadda yake, na ce."

Ya ɗauki rigar, keke ya riga ya bi kwalar amma ba a zare farin zaren ba, ya bi Liatu.

Amos ya hau gado ya tallafo mahaifinsa ta baya. Suka zura hannu ɗaya, suka huta, suka zura ɗayan. Malam Sabitu ya jawo gaba biyu, numfashinsa a tsaye. Maɓalli ya shiga. Liatu ta ciro madubi daga bango ta riƙe a gabansa.

Zakka ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga kumburarren hannunsa da ƙyar, ya kama kwalar, ya murza ta tsakanin yatsu.

"Tela. Kwalar nan ta fi jikin haske."

Malam Sabitu ya durƙusa a gaban gadon.

"Ba maɓalli ba ne, Zakka. Ƙarya na yi maka ɗazu. Na yanka kwat ɗinka wata uku da suka wuce, na mayar da ita ta yara, ban zagayo na tambaye ka ba. Ka yafe mini."

"Baba, ni na ɗauka," in ji Amos daga bayansa. "Ni na ce ka ba ni."

"Na sani. Tun Ista na gan ka a ciki, a wayar yayarka Agnes. Kamar an ɗaure tsintsiya." Ya yi wani sauti, tsakanin dariya da tari. "Jira nake in ga wanda zai fara gaya mini a cikinku. Har na haƙura, na ce da guntuwar zan tafi, idon sawuna a waje." Ya sake murza kwalar. "Amma wannan yadinmu ne. Hannuna ya san shi. Wa ka tono, Tela?"

"Ta Yero ce. Goggo Dudu ta bayar."

Zakka ya zuba wa madubin ido. Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shige kunne. Liatu za ta sauke madubi, ya yi mata alama ta bar shi.

"Yero," ya ce. "Shekara nawa ina jan ɗan banzan nan ya shigo coci ko sau ɗaya, ya ji yadda nake busa wa mawaƙa. Ya ce shi a ƙofa zai jira ni." Ya kwantar da tafinsa a kan kwalar. "To ga shi zai shiga. A ƙirjina kuma."

Liatu ta toshe baki da gefen zane.

"Wando fa?" in ji Zakka.

"Saura ƙafa ɗaya."

"Je ka gama. Ina jin kekenka daga nan. Kar ka tsuke."

Malam Sabitu ya koma shago. Ya daidaita ƙyallen Yero a gefen ƙafar hagu, ya sauke allura, ya taka. Ya kai gwiwa ke nan sai kukan Liatu ya ratso katanga, dogo, sannan na Amos ya biyo. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Idonsa ya rufe da ruwa har ba ya ganin allura, amma ƙafarsa ba ta tsaya ba. Ya kai ɗinkin har ƙasa, ya kalmashe baki, ya goge, ya ninke wandon a hannunsa. A masallacin layi ana tayar da ikamar la'asar.

Tsakar gidan ta fara cika da matan coci da maƙwabta. Suka buɗa masa hanya. An kwantar da Zakka miƙe, an rufe shi da zane zuwa ƙugu, kwat ɗin tana jikinsa. Fasto ya matsa gefe. Malam Sabitu ya ajiye wandon a ƙarshen gado, ya zauna a bakin katifa, ya zaro allura daga hularsa. Ya sa bakinta ƙarƙashin farin zaren da ke kwalar, ya ja a hankali don kar yadin ya tattare. Zaren ya fito. Ya duba inda zai ajiye, sai ya ga Amos ya durƙusa kusa da shi ya buɗe tafin hannu. Ya sa masa a ciki, ya kama na gaba.